Littafi cikin wata guda? Tambayoyi da amsoshi daga bencin mai shayi a Agege

Duk daren Lahadi bayan sallar isha'i mukan haɗu, mu 'yan ƙalilan, a bencin wani mai shayi a Agege. Ba ƙungiya ba ce, ba mu da shugaba balle ma'aji. Akwai mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12, akwai ɗan canji, akwai malamin islamiyya, akwai wani yaro da ke karatu a jami'ar Legas ta Akoka, wani lokaci kuma direban tirela da ya gaji da bin layi a Apapa ya faɗo mana. Littafi da waƙa ne suka haɗa mu. Matanmu da ƙannenmu mata ba sa zama a benci, amma tambayoyinsu kan iso ta waya, kuma galibi nasu sun fi tsauri. Tun da muka fara gwada rubuta labari cikin wata ɗaya, tambayoyi iri guda ke ta dawowa, na gaji da maimaitawa, sai na tara su wuri ɗaya. Amsoshin nawa ne. In an ga kuskure a ɗora mini, kada a ɗora wa benci.

Malam, da gaske mutum zai iya rubuta littafi sukutum cikin kwana 30?

Zai iya fitar da zubin farko, wato labarin tun daga "wata rana" har zuwa "tammat", da duk gurguntakarsa. Littafin da za a miƙa wa mai karatu kuwa wani aiki ne daban. Tela yakan yanka yadi cikin minti goma, amma ba a sa yankakken yadi a tafi idi.

Al'adar ware wata guda don wannan aiki daga Amurka ta fito. A 1999 wani mutum mai suna Chris Baty da abokansa, su 21, suka yi wa juna alkawarin kowa ya rubuta ƙagaggen labari cikin watan Yuli. Shekarar da ta biyo baya suka mayar da abin Nuwamba, ya bazu duniya da sunan NaNoWriMo. Sharaɗin guda ne: kalma 50,000 daga ranar 1 zuwa 30 ga wata. In ka raba, kalma 1,667 ke nan kullum. Ƙungiyar da ke kula da shirin ta rufe a 2025, amma lissafin bai mutu tare da ita ba, don ba ofis yake buƙata ba. Kalanda yake buƙata da mutum mai taurin kai.

Kalma 1,667 ɗin nan awa nawa take ci?

Kada ka tambaye ni, tambayi yatsunka. Saita agogon waya minti goma, ka rubuta abin da ya same ka jiya daga fitowarka gida zuwa komawarka, kada ka goge ko harafi ɗaya. In lokaci ya cika ka ƙirga. Wanda ya samu kalma 200, aikinsa na yini bai kai awa ɗaya da rabi ba. Wanda ya samu 100 sai ya tanadi kusan awa uku, ko ya rage buri zuwa 30,000, dubu ɗaya a rana. Ba wanda zai kai shi ƙara.

Hausa ma tana yi mana rangwame. Su "ya" da "ta" da "na" da "sai", duk kalmomi kwamfuta ke ƙirga su, don haka adadi ke saurin cika. Don haka ne kuma bai kamata adadin ya ruɗi kowa ba.

A garin nan da ake fita kafin asuba a dawo bayan isha'i, ina lokacin yake?

Yana cikin gosulo. Ba garin da ya kai Legas iya zaunar da mutum wuri ɗaya ba aikin fari balle na baƙi. Wanda ya taɓa maƙalewa a gadar Third Mainland, mai tsawon kusan kilomita 12, ruwa dama ruwa hagu, ya san ana iya rubuta babi guda kafin a ga Obalende. A danfo, ƙananan motocin hayar nan na Legas, abin da wuya, ga matsi, ga kwandasta na ihu a kunnenka, ga direban da birkinsa ke sa ka rubuta abin da ba ka yi niyya ba. A nan gara ka ɗauki muryarka ƙasa-ƙasa a waya, da dare ka kwafe. Motar BRT ta fi daɗin rubutu, haka jirgin ƙasan jan layi da ya fara ɗaukar fasinja a 2024 yake bi ta Agege zuwa Oyingbo. Amma fa kada ka riƙe waya a bakin taga. Na faɗa maka.

Kowace sana'a da nata ramin lokaci. Ɗan gwari kayansa da sassafe suke sauka, in azahar ta wuce kasuwa ta lafa, yana da awa guda ko biyu. Mai gadi dare nasa ne gaba ɗaya. Ɗan canji tsakanin ciniki da ciniki. Abin da ba za ka samu a Legas ba shi ne ɗaki shiru da tebur da awa huɗu a jere. Mai jiran wannan, sai dai jikokinsa su rubuta masa.

Ai Bahaushe ya ce sauri ya haifi nawa. Mene ne amfanin gaggawar?

Malamin islamiyyarmu shi ya fi kowa yi mini wannan tambaya, har yakan ƙara da cewa gaggawa aikin Shaiɗan ce. Allah gafarta malam, ban musa ba. Amma akwai wani karin maganar: sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Ni na daɗe ban je ba. Shekara bakwai ina riƙe da babi uku na wani labari. Kullum na buɗe sai in koma shafin farko, in canja "ya ce" zuwa "ya kada baki ya ce", gobe in mayar da shi yadda yake. Babi na huɗu bai taɓa ganin hasken rana ba.

A cikin kan kowane marubuci akwai mutum biyu, mai ba da labari da mai gyara. Mai gyaran nan ya fi ƙarfin murya, kuma in ka ba shi wuri tun farko ba zai bar ɗan'uwansa ya kai aya ba. Amfanin wa'adin kwana 30 shi ne ya hana mai gyara sakat. Ba ka da lokacin waiwaye. Ka sa wa tauraruwarka suna Hindatu a babi na biyu, ka wayi gari a babi na tara tana amsa Hansatu? Ci gaba, ka yi alama, za a dawo kanta. Abin mamakin shi ne, wajen mako na biyu zuwa na uku, lokacin da dabarun da ka tanada suka ƙare, a nan labari kan fara faɗa maka abin da ba ka shirya ba. Mai tafiyar hawainiya ba ya isa wannan wuri, don kullum yana bakin ƙofa yana gyara takalmi.

Magabatanmu sun taɓa rubutu da wa'adi haka?

Ƙagaggen labarin Hausa na boko ai da wa'adi aka haife shi. A 1933 Hukumar Fassara ƙarƙashin Rupert East ta sa gasa, aka ce malamai su rubuto labarai, daga nan aka samu littattafai biyar na farko. Cikinsu akwai Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ku lura da na biyun: mutumin da sunansa ke kan babban filin nan na cikin tsibirin Legas, wanda muke wucewa kullum, marubucin labari ne tun kafin ya zama firayim minista. Imam kuma a Zariya ya zauna a 1936 ya rubuta Magana Jari Ce cikin watanni ƙalilan. Sai dai ba da hannu wofi ya zauna ba. Yana da tarin labaran gabas da na Turai da na gida a gabansa, ya narka su ya zuba su a tukunyar Hausa. Mai sauri a rubutu, in ka bincika, ya daɗe yana tara itace kafin ya hura wuta.

A zamaninmu ma ba wanda zai koya wa marubutan Hausa sauri. Tun littattafan kasuwar Kano na shekarun 1980 da 1990 ake fitar da na ɗaya, masu karatu na jiran na biyu da na uku. Yau ga marubutan intanet, yawancinsu mata, suna sakin shafi kullum a WhatsApp da Wattpad, in an kwana biyu ba a ga shafi ba a yi ta aika musu saƙon ƙorafi. Ina jinjina musu ƙwarai. Inda na bambanta da su ɗaya ne: su suna sakin zubin farko kai tsaye, abin da ya fita kuwa ya fita. In ka gane a shafi na 40 cewa mutumin da ka kashe a shafi na 12 shi ne ƙashin bayan labarin, ba yadda za ka yi, sai dai ka ce ashe suma ya yi.

In tsara labarin tukuna, ko in faɗa masa kawai?

A bencinmu an rabu biyu, kuma ba a sasanta ba. Ni dai nakan ce takarda ɗaya ta isa: wa ke son me, wa ya tare masa hanya, me zai rasa in bai samu ba, a ina za a tsaya. Ka rubuta sunayen taurarinka da shekarunsu da garuruwansu. Sauran ka bar wa hanya.

Ba ni da labari. A kan me zan rubuta?

Wannan tambayar ita ce ke ba ni haushi, ƙanena, in ta fito daga bakin mazaunin Legas. Ka zauna a Agege ko Idi-Araba ko Alaba Rago ka ce ba ka da labari? Yawancin abin da samarinmu ke kawo mana mu duba, an kafa shi ne a wani katafaren gida a Nasarawa ta Kano ko Maitama ta Abuja, gidan da marubucin bai taɓa taka ƙofarsa ba, da jarumi mai kamfani bakwai yana ɗan shekara 28. Ga kuma rayuwar da ya sani kamar tafin hannunsa, ya tsallake ta don yana ganin ba ta isa shiga littafi ba.

Hausawa sun daɗe a Ikko. A 1863 wani Bature, John Glover, ya kafa rundunar nan da aka riƙa kira Hausawan Glover a garin nan, wadda ake ƙirgawa cikin tushen sojan Nijeriya. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, fataucin goro ya zaunar da kakannin wasunmu a Agege, har ga zango ga sarkin Hausawa. Akwai gidajen da an yi zuriya uku ko huɗu a nan, yaransu na jin Yarbanci kamar ruwa, in sun je Arewa a ce musu 'yan Legas, in suna nan a ce musu 'yan Arewa. Wannan kaɗai littafi ne. Ga mahaucin Oko-Oba. Ga wanda ya rako shanu kwana da kwanaki a bayan tirela. Ga ɗan acaɓan da aka hana shi aiki a wasu ƙananan hukumomi tun watan Yunin 2022, ya rasa abin da zai faɗa wa mahaifiyarsa da ke jiran aike. Ga amaryar da aka kawo daga ƙauye aka ajiye a ɗaki ɗaya cikin gidan haya mai ɗaki goma sha biyu, maƙwabtanta ba mai jin yarenta, ta koyi cinikin kifi da nuni. Ga mai kwana a shago shekara goma yana gina gida a garinsu, gidan da ba ya kwana ciki sai da salla.

Kuma ga mai son sauri, wannan ita ce hanya mafi kusa. Abin da ka sani ba ya buƙatar tsayawa tunani. Ka san warin kasuwa bayan ruwan sama, ka san yadda ake ciniki, ka san abin da ake cewa in mota ta kwana a hanya tumatir ya lalace. Yatsunka za su yi ta gudu.

To in sa Yarbanci da buroka a bakin taurarina?

Sa, amma kamar gishiri. Kwandastan da ke magana da daidaitacciyar Hausa ƙarya ce, kowa ya sani. Sai dai ka tuna mai karatunka na iya kasancewa a Gusau ko Maraɗi. Kalma ɗaya ko biyu, sannan amsar da aka ba shi ta fayyace ma'ana, ya wadatar.

Haruffa masu ƙugiya fa? Suna rage mini sauri.

Sa allon rubutun Hausa a wayarka, Gboard na da shi, cikin kwana biyu hannunka zai saba. Kada ka ce sai daga baya za ka bi kalma 50,000 kana sa wa kowace ƙugiya, ba za ka yi ba. Kuma "ƙafa" ba "kafa" ba ce, "ɓata" ba "bata" ba ce. Raba kalma da haɗe ta, irin su "yana" da "ya na", wannan kam a bar shi sai lokacin gyara.

Yaya, ni ga yara ga girki. Wannan aikin na maza ne masu zaman benci?

Ƙanwata, in ana maganar ƙagaggen labarin Hausa yau, mu ne 'yan rakiya. Mata suka fi rubutawa, mata suka fi karantawa. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 don mata zalla aka kafa ta. In an koma baya, Nana Asma'u ta yi waƙoƙi da Fulatanci da Hausa da Larabci, 'yan taru, wato matan da take koyarwa, suka haddace suka kai su ƙauyuka, duk tana cikin hidimar gida. Raba kalmominki uku: bayan asuba kafin gida ya tashi, bayan yara sun tafi makaranta, da kuma dare. Ɗari biyar-biyar da 'yan kai. Ranar da ba ta yiwu ba, kada ki ce za ki rama duka gobe, raba bashin cikin mako.

Waƙa ma ana iya yi mata wannan gudun?

A nan nake taka birki. Zube, wato rubutun labari da ba waƙa ba, kamar ɗiban ruwa ne a rijiya, in ka ƙara ƙarfi ka ƙara guga. Rubutacciyar waƙa kuwa awo ce. Kowane ɗango, wato layi guda na baiti, yana da nauyin da aka yanka masa, kuma nauyin daga gaɓoɓi yake fitowa. Gaɓa mai gajeren wasali sauƙaƙa ce. Mai dogon wasali, ko tagwan wasali irin "ai" da "au", ko wadda baƙi ya rufe, nannauya ce. Faɗi "gida" a hankali: ta farko sauƙaƙa, ta biyu nannauya. "Kasuwa": nannauya, sauƙaƙa, nannauya. "Littafi": uku duk nannauya. Matsalar ita ce rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali, ajami ne ke nunawa, don haka ido ba zai taimake ka ba, sai kunne. Shi ya sa duk mai son waƙa dole ya rera abin da ya rubuta. Inda harshe ya yi tuntuɓe, a nan kari, wato awon waƙar, ya karye. Aliyu Namangi na Zariya, mai Imfiraji, makaho ne, da kunne ya auna baitocinsa, kuma har yau ana rera su.

Bayan kari ga amsa-amo, wato sautin da ake maimaitawa a ƙarshen ɗango. In ka zaɓi ƙwar biyar, kowane baiti ɗango biyar ne, huɗun farko da nasu amsa-amon na ciki, na biyar kuma ya koma kan babban amsa-amon da zai bi waƙar har ƙarshe. Ka zaɓi harafi mai wuya, ka ɗaure kanka da kanka. Mai farawa ya kama ƙwar biyu. Akwai kuma tahamisi, inda za ka ɗauki baitin wani mai ɗango biyu ka ɗora masa uku naka ya zama biyar, da karinsa da amonsa. Ba makarantar da ta fi wannan koya wa mutum awo.

In kana son wa'adi a waƙa, yi baiti ɗaya kullum. Wata ya ƙare kana da baiti 30, ka buɗe da sunan Allah da salati yadda aka saba, ka rufe. Ɗan canjinmu haka yake yi, kuma baitinsa guda yakan ci masa lokacin da ni nake rubuta kalma dubu.

Waƙar da ba kari ba amsa-amo, waƙa ce?

Kada ka tayar mana da rigimar da ta sa shayi ya huce sau uku. Ɗalibinmu na Akoka ya ce waƙa ce, ya je bikin littattafai na Freedom Park ya ga matasa na karanta irinta ana tafi. Malam ya ce zube ne aka kakkarya. Ni ina tsakiya, amma na fi karkata ga cewa mutum ya iya awo tukuna, sannan in ya ga dama ya ajiye ma'aunin. Ana gane wanda ya ajiye da wanda bai taɓa riƙewa ba.

Ina ake samun littattafan Hausa a Legas?

Da ƙyar. Masu baza tsofaffin littattafai a Yaba da Ojuelegba na Turanci suka fi tarawa. Masu littattafan addini a bakin masallatan unguwanninmu wani lokaci a kan dace da 'yan waƙoƙi a wurinsu. Hanyar da ba ta taɓa ba mu kunya ba ita ce saƙo: duk mai zuwa Kano ko Zariya a ba shi suna da kuɗi, ya sa a jaka. Littafi guda kan zaga benci wata uku, ya dawo da tabon shayi.

Na kai kalma 50,000. In kai maɗaba'a?

Barka, amma a'a. Rufe shi, kada ka buɗe sai bayan mako huɗu aƙalla. Sannan ka karanta shi da murya daga farko zuwa ƙarshe, da biro a hannu. Za ka ga babin da ba ya aikin komai, ka ga inda mutum biyu suka yi shafi uku suna gaisuwa, ka ga Hindatu da Hansatu. Cire, kada ka ji tausayi. Bayan nan ka ba mutum biyu, ɗaya masanin ƙa'idojin rubutu, ɗaya kuma mai karatu wanda ba ya jin nauyinka. Matarka ko mijinki ba sa cikin lissafi. Gyaran nan yakan ci ninkin ba ninkin na watan da aka yi rubutu, kuma shi ne aikin da sannu ta dace da shi.

In ya nuna, maɗaba'u na nan jingim a Shomolu. Ka tabbata na'urarsu ta fitar da ƙ da ɗ da ɓ, ka ga gwaji da idonka kafin a buga, don mai aikin ba lalle ya ji Hausa ba, ba zai san an sami matsala ba. Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, a Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ake nema. Mai son sayarwa ta intanet kuma ya riƙe kwafinsa a hannunsa. Manhajar OkadaBooks, wadda a garin nan aka kafa ta kuma marubutan Hausa da dama suka yi ciniki a cikinta, ta rufe a 2023.

In wayata ta ɓata a tsakiyar wata fa?

Ta faru da ni, a rana ta 19, kalma dubu talatin da wani abu. Na sauka daga mota na shafa aljihu na ji wayam. Kwana biyu ban iya cin abinci sosai ba, ba don wayar ba. Tun daga ranar, kowane dare kafin in kwanta nakan tura abin da na rubuta zuwa imel ɗina da wayar ƙanena. Mai Google Docs ya huta da wannan, in dai yana da data. Ka kuma riƙa caji duk inda ka ga wuta, don ba ta yin sallama in za ta tafi.

Dole sai Nuwamba?

Su can Amurka sun zaɓe shi ne don sanyi ya fara korar mutane cikin ɗaki. Mu nan duba kalandarka za ka yi. Kauce wa azumi, dare na ibada ne, rana kuma ba ƙarfi. Mai sayar da raguna kada ya kuskura ya ɗauki watan babbar salla. Disamba hanya takan cushe fiye da kullum, wanda ke rubutu a mota riba ce gare shi, ɗan kasuwa kuwa ba ya samun sararin numfashi. Da yawanmu mun fi son Yuni ko Yuli, lokacin da ruwan sama ke tsare mutum a rumfa ko ya so ko bai so ba. Bana dai ba mu tsayar da wata ba tukuna. Mai shayi ya ce duk wanda muka zaɓa bai dame shi ba, in dai za a fara biyansa bashin na bara.